Ɗaurin Bahago

Litinin, 4 ga Yuni, 1979, bayan la'asar

Yau Manaja, Alhaji Lukuman, ya shigo ɗakin waya na ofishinmu na Gusau ya faɗi abin da muka riga muka ji a bakin direbobi. Kamfani ya ce mutum ɗaya ya ishi Kamasho. Ƙarshen wata za a tabbatar da ɗayanmu, ni ko Mu'azu, a kujerar, a tura shi kwas Kaduna, ɗayan kuma ya tattara ya koma rumbunmu na Bunguɗu ya riƙa karɓar saƙo yana ƙirga buhunan irin auduga. Kafin nan, Mu'azu ne zai riƙe ɗakin. Mu'azu! Ya faɗi sunan yana kallon fanka, sai ka ce ba ni na riga yaron nan shigowa kamfanin ba, sai ka ce ba ni na ɗora masa yatsu a kan tafireta ba.

Matata Saude ta tambaye ni wai mene ne Kamashon nan da har za a raba 'yan'uwa a kansa. Na ce mata kabad ne na ƙarfe mai ƙofofi huɗu a bayansa, inda wayoyi ke shiga. Saƙo ya zo daga babban ofis na Zariya, shi zai duba ya ce wannan na Tsafe ne, bi ƙofa ta ɗaya, wannan na Bunguɗu, bi ta biyu, kamar dai kamashon tasha da fasinja. Ba ya jin magana sai wadda aka buga masa a tafireta, layi bayan layi. Ka ce ya nuna hanyoyi, ya zayyano su. Ka ce ya nuna saƙonnin da ke jira, ya nuna. Ka kuskure harafi ɗaya ya tofo maka alamar tambaya. In aka kashe shi da yamma kuwa, ko ubansa ba ya tunawa, da safe sai an zura masa wani dogon zaren takarda mai huji-huji ya karanta ya tuna hanyoyinsa. Ni ke zura masa zaren kullum, don ni ke aikin safe.

Sunan ma Mu'azu ne ya raɗa masa. Ni Sarkin Hanya na ce a kira shi, ba wanda ya ɗauka.

Abin haushin shi ne ba ni da ikon yin fushi. Ɗan Kawu Umaru ne, wan Inna, wato taubashina. Tun muna yawo ba wando a 'Yandoto duk abin da ya zo bakinsa zai gaya mini, ni kuma dole in yi dariya in rama, in na ɗaure fuska ni ne na ɓata zumunci. Ko gwajin layi, da kowa ke aika kalma ɗaya ta je ta dawo, shi in yana Tsafe amsarsa zagi ce: bahago mai cin tuwo da hannun tsarki. Manaja na fita ya dake ni a kafaɗa ya ce, "Bahago, bawana, ka fara koyon ƙirga buhu tun yanzu." Na yi dariya har ana ganin dasashina.

Laraba, 6 ga Yuni, bayan magariba

Ruwan jiya da iska sun kwantar da falwayoyi tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe. Ƙofa ta ɗaya ta mutu murus. Na buga gwaji, ya tafi bai dawo ba. Masu gyara sun ce sai an kawo sababbin turaku, kuma wannan ba aikin yau ko gobe ba ne. Ga shi lokacin rabon iri, manoma na jira a Tsafe, kuma ba motar da ke tashi sai an yi musayar saƙo da rumbun can.

Ina cikin tunanin rediyon oba-oba da ke ajiye a sito, wallahi ina cikin tunaninsa, sai Mu'azu ya buɗe baki ya riga ni. Ya jona shi a ƙofa ta huɗu, aka aika wa Sule magatakardan Tsafe ya jona nasu. Ya zauna ya buga layi uku kacal: buɗe ƙofa ta huɗu, cire Tsafe daga ta ɗaya, mayar da ita ta huɗu. Ya tura gwaji, tafireta ta ɗauki kakat-kakat, sai ga amsar Sule. Manaja ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Ni ina tsaye riƙe da fitila.

Ya sa Kamasho ya huda sabon zare mai sabuwar hanya. Tsohon ya naɗe shi ya ɗaure da igiyar buhu, ɗaurin zarge irin wanda kakanmu ya koya mana na ɗaure akuya, ya ce a ajiye shi sai ranar da aka ta da falwayoyi. Kowanne ya saka a gwangwanin alawa ya tura aljihun tebur. Daga gobe da safe zai riƙa bin masu gyara, sai azahar ya dawo.

Alhamis, 7 ga Yuni, hantsi

Mai shayin bakin ƙofa ma ya ji labarin layi uku.

Juma'a, 8 ga Yuni, bayan masallaci

Inna ta aiko da hoce daga gida, ƙunshi biyu. Direban ya ce babban na Mu'azu ne, wai yana aikin ƙwaƙwalwa. Ni aikin gwiwa nake yi ke nan? Ni na ɗauki ƙunshin da hannuna na kai masa Sabon Gari. Ya ɓare a gabana yana ci yana cewa ai Gwaggo ta san ɗanta na gaskiya, ni tsinto ni aka yi a kasuwar Tsafe. Na ce shi kuma da buhun dusa aka musanya shi. Muka yi dariya. Da na dawo gida Saude ta ce Mu'azu akwai farin jini, na ce mata miyarta ta yi gishiri.

Tsoron Bunguɗu nake, gaskiya. Ba garin ba, zaman. In zauna a ƙarshen waya ina jiran abin da wani ya ga dama ya turo mini, wanin kuma shi.

Litinin, 11 ga Yuni, bayan azahar

Gwangwanayen nan biyu iri ɗaya ne sak. Duk wanda ya gan su zai shaida.

Da hantsi na ce wa Kamasho ya nuna hanyoyi, sai ga Tsafe a ƙofa ta ɗaya, yadda take a tsohon zare. Na ce ya nuna masu jira. Saƙonnin Zariya sun yi layi a bakin matacciyar ƙofa, har da na motar iri. Na zauna ina kallonsu. In saƙo ya daɗe bai sami hanya ba Kamasho kan zubar da shi, haka Turawan da suka ƙera shi suka tsara, ba ni na tsara ba.

Kafin Mu'azu ya dawo na buga layi ukun nan da kaina, komai ya koma daidai. Ashe ni ma na iya su. Na naɗe tsohon zaren na mayar da igiyarsa yadda take. Takardar tafireta ta safe kuwa na ƙunshe ƙosai da ita.

Talata, 12 ga Yuni, la'asar

Yau komai lafiya tun safe. Mu'azu ya share tsatsar eriya jiya da yamma, don haka Manaja ya ce sharewar ce ta yi magani. Ka ji fa. Ko abu ya gyaru da kansa, shi ya gyara.

Laraba, 13 ga Yuni, azahar

Tsafe shiru tun safe.

Alhamis, 14 ga Yuni, bayan la'asar

Mu'azu ya hau ƙarfen eriya cikin yayyafi, ya sauko tafin hannunsa duk ya ɗaye. Ya kwance rediyon ya mayar. Ya zargi batir, ya zargi hadari, ya kira Sule ta oba-oba ya tambaye shi ko barci yake yi da safe, Sule ya yi ta rantsuwa. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne duk sanda ya dawo ya duba hanyoyi, daidai yake samunsu.

Ya zauna a kan benci ya ce, "Bahago, mi ka cin saƙonnin ga?"

Na ce, "Ni ne. Da ƙosai nake haɗa su in karya kumallo."

Ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce ai shi ya sa tumbina ke ƙaruwa. Ya ce in ba don ina nan ina ba shi dariya ba da ya haukace.

To na faɗa masa. Allah ya gani na faɗa masa, da bakina, ido da ido. In bai ɗauka ba wannan kuma ruwansa.

Asabar, 16 ga Yuni, da yamma, 'Yandoto

Na zo gida. Ko'ina ya yi shar, mutane duk suna gona. Na tarar da Kawu Umaru zaune a ƙofar gida, takalminsa duk laka. Ya yi ta zarya zuwa Tsafe neman irin auduga, kullum Sule na ce masa mota ba ta zo ba, ba a ba da izini daga Gusau ba. Ya gyara gonar fadama tun ruwan fari, ga ƙasa ta jiƙu yadda ake so, ba abin zubawa. Bai zargi kowa ba. Ya dai ce mutanen gari sun fara yi masa magana a kaikaice, wai ɗansa ne ke riƙe da waya amma iri ya gagara.

Na ci tuwonsa. Ya yi ta tura mini nama gabana.

Inna ta ja ni ɗaki ta ce an gaya mata Mu'azu ya rame, in riƙa taimakon ƙanena, ni ne babba. Ban ji ta tambayi ko ni na rame ba. Na rame kuwa, wandona ma sai da na ƙara masa huji a bel.

A mota na yi niyya. Na ce daga Litinin shi ke nan, ya isa.

Litinin, 18 ga Yuni, hantsi

Sabon zare na ɗauko, yana hannuna. Sai Manaja ya leƙo tun bai ajiye jakarsa ba, ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, "Ina Injiniya? Bai iso ba?"

Injiniya.

Litinin, bayan azahar

Tsafe shiru.

Laraba, 20 ga Yuni, bayan la'asar

Zariya sun bugo da zafi. Motar iri ta kwana a harabarmu tana jiran takardar da ba ta zo ba, wata kuma ta wuce Funtuwa da kayan Tsafe. Manaja ya shigo yana faɗa, hularsa a hannu. Ya ce wannan dabarar rediyo ta yaro ce, shi ma da ya yarda da ita bai yi tunani ba. Ya juyo ya tambaye ni ko na ga wani abu da safe. Na ce ina ganin saƙonni na jira, sai kuma in ga babu. Wannan ai gaskiya ce.

Mu'azu ya ce a bar ni, ɗakin a hannunsa yake, duk abin da ya ɓace shi ya ɓatar. Ya faɗe ta tsaye, hannuwansa a baya, ko inda-inda bai yi ba. Har a cikin faɗan na ga Manaja ya ɗan sassauta ya dube shi. Ni da aka wanke ba wanda ya dube ni haka.

Ban iya cin abincin rana ba. Saude ta ce ko zazzaɓi ne, na ce ta ƙyale ni.

Alhamis, 21 ga Yuni, azahar

Mu'azu bai bi masu gyara ba yau. Ina buɗe ɗaki sai ga shi a bayana. Allah ya sa sabon na zura. Muka tsaya tare Kamasho ya haɗiye zaren, ya nuna Tsafe a ƙofa ta huɗu, gwaji ya je ya dawo. Na ce ka gani, yau aljanun sun yi barci.

Ya ja aljihun tebur ya ɗauko ɗayan gwangwanin, ya buɗe, ya fito da tsohon zaren. Bai kwance shi ba. Igiyar kawai yake kallo, yana juya ta a tafin hannunsa da ya ɗaye. Ya daɗe. Ni kuma na dage da goge tafireta, wadda ba ta da ƙura ko kaɗan.

Can ya fita, ya dawo da wani ƙullin gero da ya saya wa matarsa, bakin a buɗe, ya miƙo mini da guntuwar igiya ya ce in ɗaure masa, hannunsa na ciwo. Na ɗaure, ɗaurin zarge, yadda na saba tun ina yaro. Ya karɓa ya ajiye kusa da zaren a kan tebur. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ce ya gode.

Ya gode. Tun da aka haife shi bai taɓa gode mini ba.

Juma'a, 22 ga Yuni, bayan masallaci

Sahu ɗaya muka tsaya. Da aka sallame ya ba ni hannu kamar yadda ya ba na damansa.

Lahadi, 24 ga Yuni, hantsi

Ina jira ya je wurin Manaja. Ina jira ya aika 'Yandoto. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai na leƙa. Na shirya abin da zan ce: gwangwanaye iri ɗaya ne, kuma ai na faɗa masa, a gaban Allah na faɗa masa. Na maimaita har na haddace, ba wanda ya zo ya tambaya.

Ya zage ni mana. Ya ce bahago, ya ce ɓarawo, ya kama wuyan rigata a gaban direbobi. Wannan shirun nasa ma wani nuna fifiko ne.

Litinin, 25 ga Yuni, la'asar

An ta da falwayoyi. Ƙofa ta ɗaya ta dawo da rai. Mu'azu da kansa ya kwance igiyar ya zura tsohon zaren, yau shi ne daidai. An loda motar iri ta tafi. Direban da ya dawo ya ce Kawu bai zo karɓa ba, ya riga ya zuba dawa a fadamar, wai ba ya iya kallonta tana zaune haka nan.

Alhamis, 28 ga Yuni, bayan la'asar

Ni ne.

Manaja ya kira ni ofis ya ce Zariya na son wanda zai ɗauki laifi, Mu'azu kuma ya rubuta da hannunsa cewa dabararsa ce ta jawo. Ya ce shi da kansa ya roƙi a ba shi Bunguɗu, ya kuma ce a bar mini ɗakin, wai Shu'aibu ya san Kamasho ciki da waje, har abin da ba a koya masa ba. Manaja ya faɗi wannan yana murmushi, a zatonsa yabo ne. Ya ce samun ɗan'uwa irin wannan sai an tona.

Na fito na zauna a kujerar. Tana da taushi, tana juyawa. Na jira in ji daɗi. Abin da na ji kawai shi ne direbobi a waje suna cewa kai, yaron nan ɗan halak ne, an zalunce shi. Ko faɗuwa ya fi ni iyawa. Na ƙwace kujera, shi ya tafi da bakin mutane, kuma wallahi har wannan ɗin ina ƙyashinsa.

Asabar, 30 ga Yuni, bayan azahar

Mun raka shi tasha. Inna ta zo takanas daga gida, ta kawo masa daddawa da kuka, tana ta share ido da bakin mayafi. An ɗora katifarsa da akwatin matarsa a saman mota. Na ga dole in ce wani abu a gaban Inna, sai na ɗaga murya na ce to bawana, a ƙirga buhu da kyau, kada a ci irin mutane.

Nan ne ya kamata ya ce tsintacce, ya ce mai hannun tsarki, kowa ya yi dariya a rabu. Sai ya ɗan rusuna ya ce, "In Allah ya so, Malam Shu'aibu."

Inna ta tsaya da kukan. Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Malam wa? Mi ya haɗa ku?" Ya ce ba komai Gwaggo, girma ne ya zo, ai yanzu shugabana ne.

Da yaran mota suka fara kiran Bunguɗu, ya matso kamar zai gyara mini wuyan riga, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Zargen bahago baya yake juyawa. Kaka ya sha gaya maka. Ba zan faɗa wa Baba ba, ba kuma don kai ba, don Gwaggo."

Ya shiga mota. Inna ba ta yi mini magana ba har muka kai gida, a can ma ruwa kawai ta sha ta ce a kai ta motar Tsafe.

Litinin, 2 ga Yuli, hantsi

Na zo da wuri. Na zura zare, Kamasho ya tuna hanyoyinsa, ƙofofi duka a buɗe, ba saƙo ko ɗaya da ke jira. Takardar kwas ɗina na kan tebur. Na gwada Zariya, ta amsa. Na gwada Tsafe, Sule ya amsa.

Na juya ƙofa ta biyu, ta Bunguɗu. Maimakon gwaji na buga: bawana wanda aka musanya da buhun dusa, ka tashi ko kana barci a kan auduga?

Tafireta ta ɗauka, sai ga amsar Mu'azu. Layi lafiya lau, ranka ya daɗe.

Na sake bugawa. Na ce mai kan gwanda, na ce ragon 'Yandoto, na tono har sunan da muke tsokanarsa da shi ranar da jaki ya kayar da shi a rafi. Na zauna na ɗora hannuwana biyu a kan tebur ina jira.

Layi lafiya lau, ranka ya daɗe. Akwai wani umarni?

Na ce wa Kamasho ya duba ƙofa ta biyu ko akwai matsala. Ya ce babu.